Bututun Sirdi Mai Lanƙwasa Da Ƙugun Mai Keken Ƙofar Sauri

  Yau a kan keke za mu tattauna, keken nan na feda mai ƙafa biyu. A jikinsa ma ƙarfe ɗaya tal muka ɗauko, wato bututun da sandar sirdi take shiga cikinsa.

Wani zai ce duk matsalolin da suka dame mu a rasa abin magana sai ƙarfen keke? A yi mana haƙuri a ji. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a Katsina. Duk mai wucewa ta Ƙofar Sauri da sassafe yana ganin shaida: ɗan makaranta, malamin makaranta, lebura da cebur ɗinsa a ɗaure, mai jarkokin ruwa, mai itace, da masu shigowa gari ta hanyar Kaita da buhu a kan kariya. Mutum ne yake zama a kan wannan ƙarfe awa biyu ko uku kullum, a hanyar da rabinta kwalta ce, rabinta burji da ramuka. Duk abin da hanya ta doki taya da shi, ta wannan bututun yake bi ya isa ƙugunsa. Maganar lafiyar jiki ce, maganar kuɗi ce, kuma kamar yadda za mu gani, wani lokacin har maganar rai ce.

Abin da ya jawo maudu'in shi ne irin bidiyon nan na kekunan Turai da Amurka da suke yawo a wayoyi, inda ake nuna bututun sirdi yana lanƙwasawa baya kamar tsumagiya idan keke ya faɗa rami, mahayi kuma yana zaune abinsa. Matasa suna kallo suna sha'awa, har ana cewa ai mai walda ma zai iya yi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: dabarar gaskiya ce kuma tana aiki, amma an yi ta ne don wani mahayi daban da wata buƙata daban. Abin da ya kamata mu ɗauka a cikinta shi ne tunanin da ya haife ta, mu bar musu ƙarfen.

Me ya sa firam yake da tauri?

A shekarar 1885 ne John Kemp Starley ya fito da keken Rover a garin Coventry na Ingila, mai tayoyi biyu kusan daidai da juna da sarƙa mai juya tayar baya. Ba a jima ba firam ɗin keke ya zauna a siffar da muka san shi da ita har yau: alwatika biyu, wato siffa mai kusurwa uku, an haɗa su baya da baya. Ta gaba ta ƙunshi bututun sama, wanda ake ɗora yaro a kai, da bututun ƙasa da bututun sirdi. Ta baya kuma ta ƙunshi siraran ƙarafan da suke riƙe da tayar baya, da shi dai wannan bututun sirdin. Ke nan shi ne bangon da ɗakuna biyu suka yi tarayya a kansa.

Kowane kafinta ya san sirrin alwatika. Idan ya haɗa katako huɗu ya yi ƙyaure, da an tura shi sai ya karkace. Da ya gitta masa katako ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, shi ke nan ya tsaya cak. Haka ma kan ɗaki idan za a buga kwano. Wannan taurin ne ya sa ƙarfen da bai taka kara ya karya ba yake ɗaukar ƙato da buhun gero. Shi ne kuma ya sa firam ba ya tausaya wa kowa. Idan tayar baya ta doki dutse, bugun yana hawowa ta ƙarafan baya ya tarar da mahaɗar da sirdi yake, babu inda zai lotsa, sai ya wuce kai tsaye zuwa jikin mai tuƙi.

Abin da Trek suka yi

A arewacin Faransa akwai wani tseren keke da aka fara tun 1896, daga wajen Paris zuwa garin Roubaix. Tsawonsa ya haura kilomita 250, kuma kimanin kilomita 50 daga ciki tsofaffin hanyoyin gona ne da aka shimfiɗa da ƙulu-ƙulun duwatsu. Gudu a kan irin wannan hanya yana sa hannu ya mutu, baya ya ƙage. Don irin wannan tseren ne kamfanin Trek na jihar Wisconsin a Amurka ya fito da keken Domane a 2012, tare da shahararren ɗan tseren nan na Siwizaland, Fabian Cancellara.

Dabarar da suka sa wa suna IsoSpeed mai sauƙin fahimta ce. A keken da muka sani, bututun sirdi a manne yake ƙam da bututun sama. Su kuwa sai suka raba su. Suka bar ƙarafan baya suka haɗu da bututun sama, alwatikar tana nan da taurinta, sannan suka ratsa bututun sirdi ta tsakiya suka riƙe shi da wani ɗan ƙarfe mai juyawa a kan boris. Ƙasansa yana kafe a inda feda take, amma tsawonsa gaba ɗaya yana iya yin baka. Idan bugu ya zo, sirdi ya ɗan ja baya da ƙasa, bututun ya tanƙwara, sannan ya dawo. A 2013 Cancellara ya ci tseren Flanders na Beljiyam da na Roubaix duka a kan wannan keke. Wasu kamfanonin ma kowa ya bi tasa hanyar: Canyon na Jamus suna da sandar sirdi da aka tsaga gida biyu tana aiki kamar sifirin ɗin mota mai falle-falle, Giant kuma suka shafe bayan sandar don ta fi saurin lanƙwasa.

Mu kula da abin da injiniyoyin nan suka yi, domin nan ne darasin yake. Sun raba aiki gida biyu. Ɗaukar nauyi da isar da ƙarfin feda zuwa taya suka bar wa firam, ya ci gaba da taurinsa. Tausaya wa jikin mahayi kuma suka ba wani ƙarfe guda, suka auna iya lanƙwasar da ake so ya yi, ba ƙari ba ragi.

Me ya sa ba namu ba ne?

Na farko, abin da aka yi shi da shi. Manyan kekunan nan da zaren kabon ake yin su, ana jera shi falle-falle ana haɗawa da wani irin danƙo. Mai ƙira yana iya jera zaren yadda bututu zai yi laushi gaba da baya, ya yi tauri hagu da dama. Bututun ƙarfen da yake jikin kekunanmu ba ya bambance gabas da yamma, yadda ya lanƙwasa nan haka zai lanƙwasa can. Kuma idan kabon ya tsage, wutar walda ba ta da abin da za ta yi masa.

Na biyu, kaya. Ɗan tsere ba ya ɗaukar komai sai gorar ruwan sha. Mai keken Ƙofar Sauri kuwa jarka huɗu zai rataya, kowace lita 25, kilo 100 ke nan na ruwa kaɗai ban da shi kansa. A yawancin manyan kekunan nan irin na da, a ina ake ɗaure gaban kariya? A jikin notin da yake matse sandar sirdi, wato daidai mahaɗar da Trek suka saki. A wajen ɗan tsere wannan wuri mazauni ne kawai. A wajen mai lodi kuwa ginshiƙi ne. Idan ya yi laushi, kaya za su riƙa rangaji, kan keke ya riƙa rawa, a gangare ko cikin yashi kuma sai a ji mutum a ƙasa.

Na uku, ƙura da gyara. Duk inda aka sa boris an buɗe wa ƙura ƙofa. Wanda ya san abin da hunturu yake yi wa sarƙar keke a Katsina ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mai gyaran keke a bakin titi yana da sifana, guduma, filaya da famfo, kuma da su yake tayar da duk keken da aka kawo masa, saboda kayan gyaran iri ɗaya ne, ana samun su a kasuwa. Ranar da boris ɗin wancan keke ya ci, daga ina za a kawo wani?

Na huɗu, kuɗi. Ana sayar da irin waɗannan kekuna da dubban daloli, kuɗin da zai sayi babur sabo har a yi canji.

Akwai kuma wani abin lura. Su kansu masu dabarar sun rage ta. A 2016 Trek sun ƙara irin wannan mahaɗa a gaban keken, suka kuma sa wani maɗauri da mutum zai iya ƙara laushin baya ko ya rage. A samfurin da suka fitar a 2022 sai suka cire na gaban da maɗaurin duka, don rage nauyi da tarkace. Sannan ɗan ƙasar Holan, Mathieu van der Poel, ya ci tseren Roubaix sau uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, a kan keken da babu irin wannan mahaɗa a jikinsa ko ɗaya. Me ya canza? Taya. A zamanin Cancellara faɗin tayar da ake shiga wannan tsere da ita kimanin milimita 27 ne. Yanzu ana shiga da mai milimita 32, kuma da iska sassauƙa.

To tsohon keken Rali da kakanninmu suka hau, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya, tayarsu inci 28 ce da faɗin inci ɗaya da rabi, wato wajen milimita 38 zuwa 40. Ashe inda 'yan tsere suka dosa da kuɗinsu da bincikensu, tsohon da yake shigowa gari da damin itace ya daɗe da isa.

Ina laushin keke yake?

Idan muka jera abubuwan da suke tsakanin hanya da jikin mutum, taya ce ta farko kuma ita ce babba. Tun da John Boyd Dunlop ya yi tayar iska a Belfast a 1888 babu wata dabara da ta kama ƙafarta wajen rage gargada. Taya tana lotsawa da milimita masu yawa, alhali alwatikar firam ko a ido ba a ganin motsinta. Amma al'adarmu a wajen mai faci ita ce a yi ta bugun iska har sai an danna da babban yatsa an ji kamar dutse, gaba da baya duka. Wannan kuskure ne, musamman a tayar gaba wadda nauyin da take ɗauka bai kai na baya ba. Ƙa'idar da masana keke suka daɗe suna bayarwa ita ce, idan mutum ya hau, taya ta lotsa kimanin kashi 15 cikin 100 na tsayinta. A hanya mai gargada taya mai tauri tsalle take yi, kuma duk tsallen nan ƙarfin ƙafar mai tuƙi ne yake tafiya a banza. Wannan gyara ba ya cin ko sisi.

Na biyu shi ne sirdi. Sirdin da, mai faɗi da sifirin biyu ko uku a ƙarƙashi, irin wanda kamfanin Brooks na Ingila ya shahara da shi, aikin da yake yi shi ne ainihin aikin da bututu mai lanƙwasa yake yi, har ma ya fi shi nisan lotsawa. Matsalar ita ce sifirin yana gajiya. Sau nawa muke ganin sirdin da sifirinsa ya kwanta ya manne, ko ɗaya ya karye an cusa tsumma an naɗe da robar tiyub? Mai shi yana ganin ya yi tattali, alhali ya cire abu ɗaya tilo da yake kare masa ƙugu. Wasu matasan kuma da kansu suke cire shi su sa siririn sirdin 'yan tsere don gayu. Shi wancan sirdin an yi shi ne don wanda ya duƙa ya raba nauyinsa tsakanin hannu da ƙafa da mazauni. Wanda yake zaune a miƙe, kusan duk nauyinsa a kan sirdi yake.

Na uku ita ce sandar sirdi. Nan akwai wani lissafi da duk wanda ya zauna ajin kanikanci ya sani: idan aka kafe sanda ta gefe ɗaya aka danna ɗaya gefen, in aka ninka tsawonta sau biyu, lanƙwasarta sau takwas take ninkuwa. Kauri ma haka yake da tasiri. Sanda mai kaurin milimita 31.6 ta fi mai 27.2 tauri da sama da rabi, idan kaurin bangonsu ɗaya ne. Tun shekarun 1990 firam mai gajeren bututun sirdi ya yaɗu, bututun sama ya gangaro baya, abin da yake sa sanda ta fito da tsawo ta sami damar yin aikinta. Sai dai a kula: a jikin yawancin sanduna akwai layin da aka zana, iyakar inda aka yarda a zaro ta. Wanda ya wuce wannan layi yana neman tsaga bakin bututun ne.

Na huɗu shi ne yanayin ƙirar kanta. Tsohon babban keke dogo ne tsakanin taya da taya, bututun sirdinsa ya kwanta baya sosai, fok ɗinsa kuma yana da lanƙwasa a ƙasa. Duk waɗannan suna rage kaifin bugu. Ba don ado aka yi su haka ba. An yi su ne a zamanin da hanyoyin Ingila ma burji ne.

Tarko biyu

Tarkon farko a kasuwa yake. Akwai kekunan nan masu arha da aka yi su da siffar keken hawan dutse, da wani ƙaton sifirin mai launi a tsakiyar firam. Saurayi yana gani sai ya ce ga mai shokazoba. Kama da wane ba ta wane. Shokazoba ta gaskiya abu biyu ce: sifirin da yake karɓar bugu, da mai ko iska a cikin silinda da yake hana shi yin ta tsalle bayan ya karɓa. Yawancin masu arhar nan sifirin ne tsirara. Duk taka feda sai keke ya yi sama ya yi ƙasa, ƙarfi yana zubewa. Ga nauyi, ga mahaɗar da take saurin yin girgiɗi, ga shi babu wurin ɗaura kariya ta kirki saboda bayan keken motsi yake yi. Wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar don ya sami abin zuwa aiki, ya fi masa alheri ya sayi firam mai tauri, ya sa ragowar kuɗin a taya mai kyau da sirdi mai sifirin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tarko na biyu ya fi haɗari, shi ne a ɗauki keke a kai wa mai walda a ce ya yanke bututun sirdi ya sa sifirin, ko ya raba shi da bututun sama kamar yadda aka gani a waya. Masu waldarmu gwanaye ne, sun sha ɗinke firam ɗin da ya karye ya koma aiki shekaru. Amma ɗinke abin da ya karye daban, sauya hanyar da nauyi yake bi daban. Da an yanke wannan bututu, alwatika biyu sun zama siffa ɗaya mai kusurwa huɗu, ƙyauren nan na kafinta da ba a gitta masa katako ba. Nauyin da yake bi ta tsawon bututu sai ya koma yana murɗa mahaɗu. Ƙarfe kuma yana da wata ɗabi'a: ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ba za ta karye a karo na farko ba, sai ta bari ka saki jiki. Tsagar tana farawa ƙarama kamar gashi, galibi a gefen inda wuta ta taɓa, tana ci a ɓoye. Alminiyam ya fi ƙarfe saurin wannan gajiya. Ranar da za ta ƙarasa ba ta sallama, kuma ba a tsakar gida take yi ba, sai a kan titi da kaya, mota tana biye. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

To shi ke nan, mu zauna da abin da muka gada?

A'a. Akwai giɓi na gaske, kuma mai lodi ne yake cikinsa. Mun ce a rage iskar taya, amma wanda ya ɗora kilo 100 a baya ba shi da wannan zaɓi. Idan ya rage, da ya faɗa rami rim zai datse tiyub ya huda shi wuri biyu. Dole ya cika tayar baya ƙam. Ke nan babbar garkuwar da kowa yake da ita shi an ƙwace masa, kuma shi ne ya fi kowa daɗewa a kan sirdi. Binciken lafiyar ma'aikata ya daɗe da danganta doguwar jijjiga da ciwon baya a wajen direbobin tarakta da manyan motoci, har akwai ma'aunin duniya mai lamba ISO 2631 da aka tanada don auna irin jijjigar da jikin mutum yake sha. Ɗan tseren Roubaix sau ɗaya a shekara yake bi ta kan duwatsun nan, an tara masa injiniyoyi. Mai ruwan unguwarmu kullum ne, rani da damina, kuma maganinsa ƙwayar kashe ciwo daga kemis.

Nan ne tunanin Trek yake da amfani gare mu: a raba hanyar kaya da hanyar mutum. Firam da kariya su zama abu ɗaya mai tauri, kariya ta sami mazauninta a jikin ƙarafan baya. Mutum kuma ya zauna a kan abin da yake lotsawa, wanda aka auna da nauyinsa, wanda idan ya lalace za a kwance shi da sifana a sa wani ba tare da an taɓa firam ba. Zai iya zama sirdi mai sifirin kala uku, na marar nauyi da matsakaici da mai jiki. Zai iya zama sandar sirdi mai falle biyu na ƙarfen sifirin. Zai iya zama firam mai gajeren bututu da doguwar sanda. Ba mu ce ga wanda ya fi ba, awo ne zai faɗa.

Kuma awon ba ya buƙatar ɗakin bincike na miliyoyi. Kusan kowace babbar waya tana da na'urar da take jin motsi, ita ce take juya hoto idan an karkata waya, kuma akwai manhajoji na kyauta da suke rubuta abin da take ji. A ɗaure waya a ƙarƙashin mazaunin mai tuƙi, a zaɓi hanya ɗaya daga Ƙofar Sauri zuwa wani ƙauye a hanyar Kaita, a bi ta da gudu iri ɗaya da kaya iri ɗaya, a riƙa sauya abu ɗaya kawai: yau iskar taya, gobe sirdi, jibi sanda. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina za su iya yin wannan a matsayin aikin kammala karatu. Masu koyon walda a Katsina Youth Craft Village za su iya ƙera abin da awon ya nuna. Masu gyaran keke kuma su ne alƙalai, domin su suka san inda kowane firam yake fara tsagewa da irin sirdin da ba ya kai damina biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mafarki muke yi ba, wasu sun yi irinsa. Ƙungiyar World Bicycle Relief da aka kafa a 2005 ta zauna ta ƙera keken Buffalo musamman don karkarar Afirka, ana haɗa shi a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya. Firam ɗinsa ƙarfe ne mai kauri, kariyarsa an yi ta don ɗaukar kilo 100, kuma da gangan aka bar shi ba tarkace don mai gyara na ƙauye ya iya da shi. A Ghana akwai masu ƙera firam da gora, irin su kamfanin Booomers, har suna sayarwa Turai. Mu ma nan Arewa ba baƙin sana'ar ba ne, kamfanin Raleigh ya taɓa samun masana'anta a Kano. Kowannensu ya fara ne da tambayar wane ne zai hau, me zai ɗauka, wace hanya zai bi, wa zai gyara masa.

Mun san akwai mai cewa talakan da yake neman na tuwo ina ruwansa da laushin sirdi, wannan ai maganar 'yan gayu ce. Amsarmu ita ce, shi ne ma ya fi kowa ruwa da ita. Mai kuɗi idan bayansa ya yi ciwo hutawa zai yi ya shiga mota. Mai jarka idan ƙugunsa ya riƙe, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Jikinsa shi ne jarinsa, kuma sirdi mai lafiya bai kai kuɗin jinyar mako ɗaya ba. Akwai kuma mai cewa muna hana matasa ƙirƙira da muka ce kada a yanka firam. Ba mu hana ba. Wanda yake son gwaji ya samo mataccen firam, ya yanka, ya ɗora masa buhunan yashi, ya jijjiga shi har ya karye, ya rubuta abin da ya gani. Abin da muka ƙi shi ne a yi gwajin da ɗan mutum a kai.

Kafin masu awo su yi nasu, ga abin da kowa zai iya yi a wannan makon. A duba iskar tayar gaba, a daina mayar da ita dutse. A leƙa ƙarƙashin sirdi, idan sifirin ya kwanta ko ya karye a canza shi. A duba layin da yake jikin sandar sirdi. A goge mahaɗar da bututun sama ya haɗu da na sirdi, a duba da kyau ko akwai tsaga ko fentin da ya tashi a layi. Idan kuma akwai dattijo a gida ko a unguwa da yake fita da keke kullum, a duba masa nasa, domin su ba su cika yin ƙorafi ba.

Muna da masu gyaran keke da masu walda da ɗaliban injiniya a cikin wannan zaure. Muna so mu ji daga gare ku, musamman a kan inda kuka fi ganin firam yana karyewa da irin sirdin da ya fi daɗewa a hannun masu lodi. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, bisimilla, fili a buɗe yake.

Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.